Takarda uku kafin ƙugiya ta taɓa ruwa: yadda na fara fatsa a bakin kogin Rhein

A Yauri na taso, inda kogin Kwara yake buɗewa ya zama tafkin Kainji. Mu ba Sarkawa ba ne, amma da 'ya'yansu muka yi wasan ƙasa, kuma tun ban iya karatun allo sosai ba na iya tonon tana da ɗaura ƙugiya. A can in kana son fatsa, ka sari sanda, ka sayi zare a kasuwa, ka gangara bakin ruwa, shi ke nan. Ban taɓa jin an tambayi yaro mai fatsa takarda ba. Da wannan tunanin na zo Jamus, kuma saura ƙiris ya jefa ni cikin rigimar da ban shirya mata ba.

A watan Agustan 2022 ne abin ya motsa mini, ina shekara ta uku a birnin Kolon ina aikin jinya. Fari aka yi a wannan bazarar, kogin Rhein ya ja baya har ma'aunin ruwa na birnin ya sauka ƙasa da mita ɗaya. Na tashi aikin safe na bi bakin kogi da keke, sai na ga jerin duwatsun nan da aka jibge suka miƙa cikin ruwa kamar yatsun hannu, duk sun fito fili. Buhnen ake ce musu, an yi su ne don a matse ruwa ya bi tsakiya, hanyar jiragen dakon kaya ta yi zurfi. A ƙarshen ɗaya daga cikinsu wani mutum yana tsaye shi kaɗai, ba bokiti, ba tana, ba kujera, sai sanda da 'yar jaka a ƙugu. Ya jefa, ya naɗe zare sau biyu, ya tsaya, ya sake naɗewa sau biyu, ya tsaya. Ina kallo sandar ta lanƙwashe, ya fito da wani kifi dogo mai haƙora kamar na kare da idanu kamar gilashi, wanda ya tuna mini da ƙaramin giwan ruwa. Sunansa Zander. Abin da ya kama shi da shi kuwa ya ba ni dariya: kifin roba mai laushi, tsawon ɗan yatsa, an soka masa ƙugiya mai dunƙulen dalma a ka. Washegari na shiga babban kanti na sayi sanda da injin naɗi a haɗe, Yuro 30.

Allah ya taimake ni da surutu. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ba wani dattijonmu labari, mutumin Zangon Kumasi ne da ya haura shekara ashirin a ƙasar. Ya dube ni ya ce, "Ƙanena, kana da Schein?" Na ce, "Wane Schein kuma, Alhaji? Kogi ne fa, ruwan Allah." Ya ce, "Na Allah ne, amma a nan kowane ruwa da mai haƙƙin kifinsa. Ka jefa ƙugiya ba takarda, sunanka ɓarawon kifi." Na ɗauka tsoratarwa ce irin ta manya, sai da na koma gida na duba. Ashe sashe na 293 na dokar manyan laifuka ta Jamus ya tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyu a kan haka. Ga baƙo irina da ke sabunta takardar zama, ko tarar ce kawai ba abin da zan so a gani a fayil ɗina ba ne. Sandar ta koma bayan ƙofa.

Abin da ya fi rikita ni a farko shi ne kowa cewa yake "Angelschein" kamar takarda ɗaya ce. Uku ne, kuma a jere suke, ba a tsallake ɗaya. Ta farko shaidar cin jarrabawar kamun kifi, Fischerprüfung. Da ita ake karɓar ta biyu, Fischereischein, wato lasisin hukuma. Da lasisin kuma ake sayen ta uku, izinin ruwan da za ka yi fatsa a cikinsa, na kogin Rhein a jiharmu ana ce masa Rheinschein. Kowace jiha da tata doka, ni abin da na bi na Nordrhein-Westfalen ne, wanda ke Bayern ko Hamburg ya duba na wurinsa.

A jiharmu ba dole ba ne a shiga ajin share fage, mutum na iya karatu da kansa ya je ya zauna jarrabawa. Ita kuma ba kullum ake yin ta ba, 'yan lokuta ne a shekara, kuma dole takardar neman shiga ta isa hukumar kula da kamun kifi ta garinka aƙalla mako huɗu kafin ranar. Nan na fara faɗuwa tun ba a je ko'ina ba. Na ga rana ta kusa na yi murna, na cike fom na aika, amsa ta dawo cewa an rufe karɓa kwana shida da suka wuce. Laifina ne, a rubuce yake ƙarara, ni ne na karanta ranar jarrabawa ban karanta layin da ke ƙasanta ba. Na sake nema a zagaye na gaba, na biya Yuro 50, aka aiko mini da takardar gayyata ta gidan waya. Jiran ya zame mini alheri, don da na zauna ta farkon da faɗuwa zan yi.

Tambayoyin da ake zaɓowa daga cikinsu 359 ne, duk a buɗe suke, akwai su a littafi da manhajar waya. Na sayi kwas na intanet don ba zan iya haɗa aji da aikin dare ba. Jamusancina na asibiti ne, na san sunan kowace jijiya a jikin mutum, amma ban san sunan ƙayar bayan kifi ba. Fanni shida ne: halittar kifi gaba ɗaya, nau'o'insa, sanin ruwa da kiwonsa, kare dabbobi da muhalli, kayan aiki, sai doka. Na doka ne ya fi cin raina saboda ranaku da awo. Zander ba a ɗaukarsa daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Mayu, kuma sai ya kai santimita 40. Hecht, wancan mai dogon baki kamar na kada, hutunsa daga 15 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu, awonsa santimita 45. Sai hotuna 49 na kifaye da ƙaguwa da dangoginsu da za a haddace, wasu kamar tagwaye, farare ƙanana irin kawarar gida, sai ka duba inda fiffike ya fara ko yadda baki ya kalli sama kafin ka raba su. Na yanka katuna na cika aljihun rigar aiki da su, a jirgin ƙasa ina jujjuyawa kamar ɗan makarantar allo da ke tilawa.

Ranar jarrabawa, ƙarshen Nuwamba, mun kai mu hamsin a zaure, yara 'yan shekara sha huɗu da tsofaffi masu furfura, baƙar fata ni kaɗai. An duba katin shaida, aka raba takardu. Tambaya 60, goma daga kowane fanni, kowace da amsa uku a zaɓi ɗaya. Ana son 45 daidai, kuma kada ka gaza shida a kowane fanni, wato ba za ka cike ramin doka da ƙwarewarka a kayan aiki ba. Na gama cikin rabin sa'a, sai zaman jiran a kira suna, wanda ya fi jarrabawar kanta tsawo. Da aka kira ni ɓangaren aiki da hannu, aka ɗaga mini hotuna shida, ana son huɗu, na ci biyar. Sannan na zari kati ɗaya cikin goma, kowane da irin sandar da za ka haɗa wa wani kifi. Ta Hecht ta faɗo mini. Na zaɓi sanda, injin naɗi, zare, siririyar wayar ƙarfe saboda haƙoransa, sannan kayan da ake jerawa bi da bi: koma mai mariƙi ta ɗauko kifi, tef ɗin awo, kulki, wuƙa, abin cire ƙugiya. Jerin da ma'ana, ka fito da shi, ka auna, in ya kai ka sumar da shi, ka kashe, sannan ka cire ƙugiya. Hannuna na rawa na ɗora wuƙa gaban kulki, mai jarrabawar ya yi gyaran murya ya kalli silin, na gane na gyara. A ranar aka miƙa mini shaidata.

Da ita a hannu na so in ruga in karɓi lasisi, sai wani da muka zauna jarrabawa tare ya ankarar da ni cewa a lokacin lasisin da shekarar kalanda yake tafiya. In ka karɓa a Disamba, 'yan kwanakin da suka rage sun cinye maka shekara guda. Na haƙura sai Janairun 2023. Na nemi lokaci ta intanet a ofishin unguwa, aka ba ni bayan mako uku, na je da shaidar jarrabawa da fasfo da hoto ɗaya. Na shekara ɗaya Yuro 16 ne a lokacin, na shekara biyar 48, na ɗauki na biyar. Minti goma aka yi. Daga nan na zarce shagon kayan kamun kifi na sayi Rheinschein, kuɗinsa na shekara bai kai Yuro 50 ba. A karanta abin da ke jikinsa da kyau, akwai wuraren da aka hana, musamman bakin wasu rassan kogi da kifin salmon ke hawa, kuma tashoshin jiragen ruwa da yawa izininsu daban ne.

A shagon ne mai kanti ya karɓi sandata ta Yuro 30 ya kaɗa ta, tana ta rawa kamar reshen dalbejiya. Ya ce da wannan kifi zai ci ya tofar ban sani ba. Na ɗauka ciniki yake nema, amma gaskiyarsa ce. Wannan salon fatsa gaba ɗayansa a kan ji yake, ana son sanda mai tauri wadda za ta kawo maka labarin ƙasan ruwa har tafin hannu. Na sayi mai tsawon mita 2.70, injin naɗi matsakaici, zaren kitso siriri wanda ba ya miƙewa, launin rawaya don ido ya gan shi, da wani zare garai-garai da ake kira fluorocarbon, wanda ake ƙulla kamar mita ɗaya a gaba saboda kaifin duwatsu. Sai ƙugiyoyi masu kan dalma daga giram 7 zuwa 21, da kifayen roba na santimita 10 zuwa 12. Na fita shagon Yuro 200 da ɗoriya sun tafi. Uwargida ta duba rasit ta ce, "Maigida, da kuɗin nan ai kifin wata uku za mu saya a shagon Turkawa." Ban ce komai ba, don ba ni da abin cewa.

Wata ukun farko ban kama ko ɗan tsako ba. Ruwa ya cika, duwatsun da na gani a Agusta duk sun nutse, ga sanyin da ke sa yatsa ya ƙi lanƙwasa. Ranar farko kaɗai na bar wa kogi ƙugiya tara. Tunanina shi ne ruwa mai ƙarfi sai dalma mai nauyi, sai in ɗaura giram 21, ta faɗa kamar dutse, ta shige tsakanin duwatsu ta zauna. Na naɗe zaren a hannu na ja da ƙarfi, ya yanke ni a ɗan yatsa har jini. Zaren kitso wuƙa ne, a naɗe shi a guntun itace kafin a ja. Da Afrilu ta shigo aka rufe Zander, na ajiye kaya na ce wataƙila ma na haƙura.

A watan Yuni na koma, kuma a nan na gamu da malamina, wani dattijo Baturke da ya yi ritaya daga masana'antar motoci, kusan kullum yana kan dutse ɗaya. Ya yi kwana biyu yana kallona bai ce uffan ba. A na uku ya matso ya ce in jefa yana gani. Na jefa. Ya ce, "Yaushe ta taɓa ƙasa?" Na ce ban sani ba. Ya ce to ba fatsa nake yi ba, wanka nake yi wa roba. Ya cire dalmata ya ɗaura giram 12, ya ce in jefa daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da kwantaccen ruwan da ke tsakanin jerin duwatsu biyu, layin ana ganinsa da ido, kumfa da ganye na bin sa. Da ta faɗa ruwa in rufe injin, in tsaya da zare a miƙe, in zuba masa ido. Ina kallo sai zaren rawayan ya saki lokaci guda, ya yi ciki. Ya ce, "Ƙasa ke nan." Sai naɗi biyu da sauri, sanda ba ta motsi, a tsaya. Robar ta tashi daga ƙasa, ta sake gangarowa wutsiya na kaɗawa, zare ya sake saki. Jamusawa na kiran wannan salo Faulenzen, wato zaman lalaci, don injin ne ke aiki, hannu na hutawa.

Abin da na yi wata biyar ban gane ba, ya bayyana mini shi a minti biyar. Kifin ba ya cafka lokacin da kake ja, sai lokacin da robar ke faɗowa. Saboda haka duk dabarar tana cikin tsawon faɗowar. Ka ƙirga daga tsayar da naɗi zuwa sakin zare, ana son kamar daƙiƙa biyu. In ta taɓa ƙasa nan take, dalma ta yi nauyi, ka rage. In ka ƙirga biyar ba ka ga komai ba, ruwa na tafiya da ita, ka ƙara. Babu nauyin da ya dace da kullum, yau 10, gobe jirgin ruwa da iska da ƙarin ruwa su sa ka koma 17, wani lokaci ma taku goma tsakanin wuri da wuri ya isa a canja. Ya kuma nuna mini yadda ake soka robar: ka fara ɗora ƙugiyar a gefenta ka ga inda za ta ɓullo a gadon baya, ka yi alama da farce, sannan ka zura ta tsakiya. In ta karkace ko kaɗan, juyawa za ta riƙa yi a ruwa kamar farfela. Sannan mitocin ƙarshe kusa da ƙafarka, inda duwatsu suka gangara, ka ɗaga sanda ka naɗe da sauri, don a nan ne na binne yawancin kuɗina.

Daga ranar sai ƙasan kogin ya fara yi mini magana. Yashi taushi gare shi, tsakuwa ƙaras-ƙaras, dutse kuwa ƙwal. Akwai wani ɗan cizo-cizo da ya riƙa ruɗa ni, ina fizga ba komai. Grundel ne, wani ƙaramin kifi mai ƙaton kai da ya shigo daga yankin Bahar Aswad ya cika Rhein, shi da wata ƙaguwa mai gashi a hannu da ke guntule wutsiyar roba. Na farko da na kama na kirki Barsch ne, mai zane-zane a jiki da jan fiffike, bai fi tafin hannu da rabi ba, amma na ɗauke shi hoto ta kowace fuska na tura Yauri. Ƙanena ya amsa da cewa irin wannan ai shi suke maƙala wa ƙugiya da rai su kama giwan ruwa. Na ce masa a nan yin haka da kifi mai rai laifi ne, ya yi ta dariya.

Zander kuwa kifin duhu ne, idanunsa na tara ɗan hasken da ya rage, shi ya sa yake farauta da almuru da asuba, yana matsowa har gaɓa. Wato lokacin cinsa ya faɗa daidai magariba. Na saba tafiya da 'yar darduma a jaka, in rana ta faɗi in jingine sanda in yi salla a kan yashi, dattijon ma haka. Wani yammaci a watan Satumba, na idar ke nan na yi jifa na uku, robar na gangarowa, sai na ji wani bugu guda ɗaya a sanda har gwiwar hannu, kamar an ƙwanƙwasa ƙofa da ɗan yatsa. Tock suke ce masa, kuma sunan ya dace. Ban fizga ba, tsayawa na yi ina mamaki, ya tofar ya tafi. Dattijon ya ce bakinsa ƙashi ne, in ka ji ka fizga nan take da ƙarfi, ko da kana shakka. Bayan kwana huɗu na sake ji, na fizga, ya zauna. Na sa koma na ɗauko, tef ya nuna 36. Na jiƙa hannu na cire ƙugiyar na mayar da shi, raina na suya.

Wanda ya isa ɗauka na kama shi a tsakiyar Oktoba, santimita 58, da dalmar giram 10 da roba mai launin ƙasa-ƙasa. Mu a addini kifi ba ya bukatar yanka, a gida ma a kwando muke barin sa har ya daina motsi, amma a nan doka ta ce ka sumar da shi da bugu a ka sannan ka soke zuciya ko ka yanke maƙogwaro nan take. Na bi jerin nan da na kusa ɓatawa a jarrabawa, kuma ban ga abin ƙi a ciki ba. A daren uwargida ta yi mana farfesunsa da attaruhu da citta, nama fari tas, ƙaya kaɗan. Ba ta sake tada zancen rasit ba.

Sau biyu masu duba takardu suka same ni a bakin ruwa, sau ɗaya har da leƙa jaka a ga ko ina da koma da tef da kulki. Lasisi da izinin ruwa su kasance a jikinka, kada ka dogara da hoton da ke waya. Wanda zai fara, ya soma aika takardar jarrabawa kafin ya sayi ko ƙugiya ɗaya, don jiran ya fi komai tsawo. Kuɗinsa ya zuba a sanda da zare, robar launi uku ta isa, mai kama da kifin gaske in ruwa ya yi garau, mai haske in ya gurɓace, kuma kada a haɗa na kamfani daban-daban a akwati ɗaya, wasu narkar da juna suke yi. Dalma ce za a saya da yawa, nauyi daban-daban, don har yau ba na dawowa gida da adadin da na fita da shi.

Sai maganar kogin kansa. Na yi iyo a Kwara tun ina ɗan shekara bakwai, amma ba zan sa ƙafa a Rhein ba. In babban jirgin kaya ya nufo, ruwan gaɓa ja da baya yake fara yi kamar ana zuƙe shi, sannan ya dawo da ƙarfi ya hau duwatsu. Ran nan ina ƙarshen dutse da daddare, tocilan a goshi, na sunkuya zan ciro ƙugiya da ta maƙale a ƙasan ƙafata, igiyar ruwan ta dawo ta cika mini takalma, ta tafi da akwatin robobina gaba ɗaya. Tun daga ranar, in na hango fitilar jirgi sai in naɗe zare in ja da baya taku biyar, in bar shi ya wuce, ruwa ya lafa, sannan in koma in sake ƙirga faɗowar dalma daga farko.